Wai daga ina duk mutanen nan suka fito?

AbuSadik_Misfala:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ina da tambaya ga masu ilimin cikinmu. Jiya yarona ya dawo daga makaranta yake ce min wai ustazunsu ya ce mutanen duniya sun haura biliyan 8, kuma wai lokacin da aka haifi kakana ko biliyan 2 ba a cika ba. Na ce masa kai tafi can da surutunka. To amma bayan isha ina tsaye a ƙofar otal ɗin da nake aiki ina kallon jama'a suna gangarowa daga Harami ta titin Ibrahim Khalil kamar dam ya ɓalle, sai maganar yaron ta dawo min. In gaskiya ne to ta yaya? Kakana mata huɗu ya ajiye, babana uku, ni ɗaya ce dani kuma da ƙyar nake haɗa kuɗin hayar gida da na sabunta igama, wato takardar izinin zama. Mu da muka fi su ƙarancin haihuwa ta yaya muka ninka su har sau huɗu? Lissafin bai shiga kaina ba wallahi.

Malam_Habu_Jidda:
Wa alaikumus salam Abu Sadik. Yaronka bai yi ƙarya ba. Bari in ɗaura maka shi da abubuwan da ka sani don ya zauna. Ana ƙiyasin duniya ta cika biliyan 1 ne wajen 1804, wato shekarar da Shehu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu. Ka duba tun farkon ɗan Adam har zuwa lokacin Shehu kafin a haɗa biliyan ɗaya tak. Na biyu sai 1927, shekara 123 kenan. Na uku 1960, shekarar da Najeriya da Nijar suka samu 'yancin kai. Daga nan abin ya koma gudu, 1974 huɗu, 1987 biyar, 1999 shida, 2011 bakwai shekarar da Sudan ta rabu biyu, sai ranar 15 ga Nuwamba 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an cika takwas. Duk wanda aka haifa kafin 1974 a cikinmu to a kan idonsa mutanen duniya suka ninka.

Sani_Sawwag:
Malam da girmanka amma wa ya ƙirga? Ni shekarata 44 ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa min ƙofa ya ce ya zo ƙirga ni, ba a Gumel ba, ba a nan ba. Turawa ne kawai suke zama cikin ofis mai sanyi su rubuta lamba don su ce mana mun yi yawa mu daina haihuwa

Hajiya_Mai_Waina:
Abu Sadik ɗana, kai kana ƙirga matan kakanka ne, baka ƙirga kaburburan 'ya'yansa ba. Ka je ka tambayi tsofaffin gidanku guda nawa aka haifa, guda nawa suka yi gemu. Innata Allah ya jiƙanta haihuwarta 11, mu huɗu muka tashi. Yayana da nake bi sunansa na gaskiya Muhammadu amma har ya rasu Ajuji ake ce masa, saboda uku aka binne a jere kafin shi, da aka haife shi sai aka kai shi kan juji aka ajiye aka dawo aka ɗauko, wai ko mutuwa za ta raina shi ta bar shi. Da bazara in ƙyanda ta shigo unguwa ko sanƙarau, wallahi a sati ɗaya sai a fitar da yara biyar shida, uwa bata gama karɓar gaisuwar wannan ba an ɗauki wancan. Ni na haifi 8 a nan Makka, 7 suna raye alhamdulillah, duk sun yi aure. To ka gani, inna ta fi ni haihuwa amma na fi ta 'ya'ya.

AbuSadik_Misfala:
Allahu akbar. Hajiya kin sa jikina ya yi sanyi. Babana ya taɓa cewa su 23 ne wajen mahaifinsu amma da shi da baffanni da gwaggonnin da na sani su tara ne. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin ina sauran suke ba

UmmuKhalil_Madina:
Abin da Hajiya ta faɗa shi ne amsar gaba ɗaya, ni aikin jinya nake a ɓangaren yara. Haihuwa ba ta ƙaru ba, raguwa ma ta yi. A shekarun 1960 in an raba daidai mace ɗaya a duniya tana haihuwar kamar 5, yanzu bai fi 2 da ɗan ɗori ba. Mutuwar yara ce ta faɗi. A zamanin da, ko'ina a duniya har Turai, kusan rabin yaran da aka haifa ba sa kaiwa balaga. Ko a 1990 ɗin nan cikin yara 1,000 guda 93 ba sa kaiwa shekara biyar, zuwa 2022 ya sauko 37. Rigakafi, ruwan famfo, maganin kashe ƙwayoyin cuta, gidan sauro, har ruwan gishiri da sukarin nan da ake rainawa ba ƙaramin rai Allah ya tsare ta dalilinsa ba a gudawar yara. Agana kuwa da ta bar wa kakanninmu zane a fuska tun 1980 aka sanar an gama da ita a duniya, yaranmu ko sunanta basu sani ba. A 1950 tsawon ran mutum in an raba bai kai 50 ba, yanzu ya haura 70.

Sani_Sawwag:
Anti nas rai da ajali na Allah ne ba na allura ba

UmmuKhalil_Madina:
Ba wanda ya ce ba haka ba Malam Sani. Kai ma ai kana ɗaura bel in ka hau titin Ɗa'if ko?

Malam_Habu_Jidda:
Sani maganarka ta farko akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan ƙi ba. Ba wanda ya bi mutum biliyan 8 ɗaya bayan ɗaya, ƙiyasi ne ake haɗawa daga ƙidayar ƙasashe da rajistar haihuwa da binciken gida-gida. Kuma tamu ƙidayar ta gida kowa ya san halinta, ta 1973 soke ta aka yi gaba ɗaya saboda rigima, ta 1991 ta fito da miliyan 88.9 alhali kafin nan ana ta cewa mun haura miliyan 100, ta 2006 ta ce miliyan 140 kuma tun daga nan ba a sake ba, wadda aka shirya a 2023 ɗage ta aka yi. Sudan rabonta da ƙidaya tun 2008. Don haka in ka ce lambar Najeriya za ta iya kaucewa da wasu miliyoyi na yarda. Amma kuskuren miliyoyi baya mayar da biliyan 8 ya koma 4. Dubi nan inda muke zaune, ƙidayar Saudiyya ta 1974 ta samu kamar miliyan 7, ta 2022 ta samu miliyan 32.2, a ciki miliyan 13.4 baƙi ne irinmu. Wannan ba Bature ne ya rubuta ba. Kai da kake tuƙi ai ka fi kowa sanin yadda Jidda ta miƙe ta yi arewa.

Zee_Sabil:
Hhhh Kawu Sani kila ranar da suka zo ƙirgar ka ɓuya ne ka ɗauka jawazat ne 'yan shige da fice

Sani_Sawwag:
Ke yarinya ki kiyaye ni, igamata lafiya lau take

Dan_Maiwurno:
Salam. Ni abin da ya fi jan hankalina ba yawan ba ne, inda mutanen suke komawa ne. Mu Hausawan Sudan ai mu kanmu shaida ne. Bayan yaƙin Burmi a 1903 da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a suka yi gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da ake kira Maiwurno har gobe. Wasu kuma niyyar hajji ce ta fito da su a ƙafa, a yi noma a nan shekara biyu a tara guzuri a ƙara gaba, kakan babana shekara 7 ya yi tsakanin Haɗeja da Sawakin kuma a hanyar aka haifi 'ya'yansa biyu. Da aka buɗe noman audugar Jazira a 1925 da yawa suka ce to bari mu ɗan tsaya, tsayawar kenan har yau. Shi ya sa za ka ji Hausa a kasuwar Gadarif da Kasala da Damazin da Madani. A takardar ƙidaya mu mutanen Sudan ne, an rage mu daga can an ƙara mu a nan.

Yanzu kuma ga shi mun sake ɗaukar kaya. Tunda yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 sama da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu. Mahaifiyata daga Khartum ta koma wajen dangi a Sinja, a 2024 faɗan ya iske su can, ta sake tashi zuwa Gadarif, tsohuwa mai ciwon ƙafa. Wasu sun yi Masar wasu Chadi ta Adre. Duk wata lamba da aka rubuta wa Khartum kafin yaƙin yanzu sai dai a ajiye ta gefe.

Hajiya_Mai_Waina:
Allah ya kawo muku ƙarshen wannan masifa ɗana, ya haɗa ka da mahaifiyarka cikin alheri

Dan_Maiwurno:
Amin Hajiya na gode

Yaron_Gadarif:
Amin ya Rabbi. Gidanmu a Gadarif da mu 9 ne, bara da na kira aka ce 31 ake kwana, har rumfar awaki an share an shimfiɗa tabarma. @Dan_Maiwurno wace unguwa take? in akwai abin da za a kai mata ƙanena yana can

Malam_Habu_Jidda:
Allah ya sauƙaƙa. Maganar komawa da Ɗan Maiwurno ya taɓo, a ma'aunin duniya ma haka take, sai dai ba duka ne tafiya da ƙafa ba, wani wajen haihuwa ce ta tsaya wani wajen yara ne suka daina mutuwa. A 1950 Turai tana da mutum kamar miliyan 550, Afirka duk girmanta kamar miliyan 230. Wato Bature biyu da ɗori ga kowane ɗan Afirka ɗaya. Yau Turai tana wajen miliyan 745, Afirka tana wajen biliyan ɗaya da rabi, abin ya juye. Misalin da na fi so in ba ɗalibai shi ne Italiya da Najeriya, a 1950 Italiya ta fi Najeriya mutane, ita tana da kamar miliyan 47 mu bamu kai 40 ba. Yanzu Italiya miliyan 59 kuma raguwa take, Najeriya ta haura 220, ita ce ta shida a duniya. Asiya dai ita ce uwa tun fil azal, kusan mutum 6 cikin kowane 10 can suke, amma ko a can ɗin an yi canjin kujera, a 2023 Indiya ta wuce Sin, kowacce tana da sama da biliyan 1.4. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya zuwa 2050 mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ɗan Afirka ne.

AbuSadik_Misfala:
Wannan kam ina ganinsa a wajen aiki. Kujerun hajji ai da yawan musulmin ƙasa ake rabawa, dubu ɗaya ga kowane miliyan. Indonesiya kaɗai 221,000 aka bata a 2023, Najeriya 95,000. In ka tsaya a harabar otal lokacin aikin hajji Indonesiya, Pakistan, Indiya, Bangaladash, sai mu. Larabawan ma 'yan kaɗan ne a cikin taron

Sani_Sawwag:
To alhamdulillah ashe mu ne da riba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Su ci gaba da kiwon karnuka mu muna haihuwa, nan gaba su za su zo suna roƙon mu

Talib_Jamia:
Kawu Sani a yi hattara da wannan murnar. Gaskiya ne akwai hadisi a Abu Dawud da Annabi SAW ya kwaɗaitar da auren mace mai soyayya mai haihuwa don zai yi alfahari da yawanmu, kuma Alƙur'ani ya hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci. Amma a Abu Dawud ɗin dai akwai hadisin Sauban, da sahabbai suka tambaya ko ƙarancinmu ne zai sa al'ummai su yi mana taron dangi, ya ce a'a kuna da yawa a lokacin, sai dai kamar kumfa da tarkacen da ambaliya ke ɗaukowa. Mu ma a gida muna cewa taron tsintsiya ba shara. Yawan da ba karatu ba sana'a ba asibiti, wa zai roƙe shi? Mu nawa ne a nan muke wanke bandakin wasu da digiri a jaka?

Sannan raguwar haihuwa ba ta masu kiwon karnuka ba ce kaɗai. Iran a farkon shekarun 1980 mace tana haihuwar sama da 6, yanzu bata kai 2 ba. Bangaladash daga kusan 7 ta dawo wajen 2. Saudiyyar nan da muke ciki a shekarun 1970 wajen 7 ne, yanzu ku dubi gidajen samarin da kuke yi wa aiki, biyu uku ne an rufe. Duk inda 'ya mace ta daɗe a makaranta, aka koma birni, haya ta yi tsada, kuma uwa ta tabbata wanda ta haifa zai rayu, to lambar sauka take, ko da masallaci a kowane lungu.

Hajiya_Mai_Waina:
Wannan yaron ya faɗi gaskiya. Babbar 'yata huɗu gareta ta ce ta gama, na ce ke ko kunya, ta ce Umma ɗaki biyu ne damu a ina zan zuba su. Na rasa abin ce mata. Mu da can yaye ma sai shekara biyu, mace ta tafi gidansu goyo, wadda ta yi kwanika har waƙa ake mata, to ai tazarar kenan bamu dai sa mata suna ba

Kawu_Ilu_Riyad:
Bakin da Allah ya tsaga baya hana shi abinci. Tun muna yara ake cewa abinci zai ƙare, ga shi har yau ana zubar da shinkafar kabsa a bola bayan kowace walima

Malam_Habu_Jidda:
Kawu tsoron ya girme mu duka, wani malamin coci a Ingila mai suna Malthus ya rubuta tun 1798 cewa mutane za su fi ƙarfin abinci. Abin da bai hango ba shi ne takin zamani, wanda wasu Jamusawa biyu Haber da Bosch suka gano yadda ake haɗa shi daga iska kafin yaƙin duniya na ɗaya, da kuma irin alkama da shinkafa mai yawan yabanya da ya ceci Indiya da Pakistan a shekarun 1960. Allah ya ciyar, amma ta hannun masu bincike ya biyo. Sai dai komai da iyakarsa, Saudiyyar nan ta taɓa noma alkama har tana sayarwa waje, da aka ga ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ƙafewa aka janye shirin, zuwa 2016 aka koma saye. Ruwan da muke sha a Jidda da Makka yawanci na teku ne da ake tacewa a Shu'aiba. Ƙasar da ba ta da kuɗin fetur fa?

Yaron_Gadarif:
Abinci akwai shi, Gadarif kaɗai dawa da riɗin da take nomawa sai ka rantse zai ciyar da Sudan duka. Amma ga yunwa a Darfur. Ba yawan baki ne ya kawo ta ba, bindiga ce ta tare hanya

Zee_Sabil:
Ni tambayata, in haihuwa tana raguwa ko'ina me yasa har yanzu ake ƙaruwa? kuma yaushe zai tsaya

UmmuKhalil_Madina:
Zee saboda yaran da aka riga aka haifa ne basu yi aure ba tukuna. A Nijar kusan rabin mutanen ƙasar basu wuce shekara 15 ba, Najeriya rabi 'yan ƙasa da 20 ne. Ko kowacce ta haifi uku kawai, masu haihuwar ne suke da yawa. Kamar tirela ce, ko an taka birki sai ta ɗan yi tafiya, Malam Sani zai fi ni bayani. Hasashen da aka fitar a 2024 ya ce za a kai wajen biliyan 10.3 a shekarun 2080 daga nan a fara sauka a hankali. Wasu ƙasashen har sun fara, Sin ta ragu a 2022 karon farko tun 1961, ita da ta yi shekara 35 tana tilasta ɗa ɗaya yanzu ta ce a haifi uku mutane sun ƙi. Japan ta fi shekara goma tana raguwa, ana rufe makarantun ƙauye don ba yara. Koriya ta Kudu a 2023 lissafin ya faɗo 0.72 ga mace ɗaya, alhali sai an samu 2.1 kafin al'umma ta maye kanta.

Sani_Sawwag:
0.72 kuma? wato ko mutum ɗaya bai cika ba, ƙafa da hannu kawai ake haifa kenan hhhh. Tirela kam gaskiya ne in da lodi bata tsayuwa nan take. Amma ni har yanzu hasashen 2080 ɗin nan ban saya ba, wa ya san gobe

Talib_Jamia:
Nan kam ina tare da kai Kawu, hasashe ne ba wahayi ba. Annobar da ta faɗa wa duniya a 1347 ta kwashe kamar kashi ɗaya cikin uku na Turai cikin 'yan shekaru, ita ce ta kashe iyayen masanin tarihi Ibn Khaldun a Tunis, shi ya sa ya yi maganarta a littafinsa Muƙaddima kamar duniya ce aka naɗe aka sake shimfiɗawa. Murar 1918 da tsofaffinmu ke kira marisuwa, mutanen Najdu suna ce wa shekarar Sanatur Rahma saboda yawan jana'iza, har Turki babban ɗan Sarki Abdul'aziz a ciki ya rasu. Ba wanda ya sa waɗannan a lissafi kafin su zo.

Dan_Maiwurno:
Abin da ke ban haushi shi ne masu rufe ƙofa yanzu sun manta nasu. Lokacin da Turai ta cika ta batse daga ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 sama da mutum miliyan 50 suka hau jirgin ruwa suka tafi Amurka da Ajantina da Birazil da Ostireliya, ba biza ba kafili mai tsaya musu. Namu kuma sama da miliyan 12 aka kwasa a ɗaure aka tsallaka da su. Yau yaro ya bi ta Agadas ya shiga Libiya sai a ce ya zo cinye musu ƙasa, alhali tsofaffinsu ba mai ɗaga su daga gado. @Yaron_Gadarif na turo maka saƙo ta gefe

Kawu_Ilu_Riyad:
Su buɗe ko kar su buɗe, wanda ya rasa abin yi a gida fita zai yi. Mu me ya kawo mu nan

AbuSadik_Misfala:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta wa Sadik amsar Hajiya da ta Malam Habu. Yanzu kuma ya ɗauko wata, wai in baffannina 14 da suka rasu suna yara sun rayu da mu nawa ne a gidan, kuma da gonar kaka ta ishe mu? Gonar da ko yanzu da muke 'ya'yan mutum tara rabona a ciki bai fi in shanya barkono ba. Na ce ya bari sai na taso daga aiki

Hajiya_Mai_Waina:
Ka ce masa ya yi musu addu'a tukuna kafin ya raba gonar. Kuma wanda zai sauka Kano cikin watan nan dan Allah ya yi min magana, ina da saƙon dabino da zamzam na jikoki, su 26 ne kar a ce ban faɗa ba